Amsa ga ɗalibin da ya ce karo watsewa yake kawowa

Ɗana,

Ranar da muka yi lacca a ɗakin taro ka miƙe a gaban jama'a ka ce, "Malam, in gajimaren iskar gas biyu suka yi karo a sararin samaniya, ai tarwatsewa za su yi. Ta yaya kuma za su haifi tauraro?" Lokaci ya ƙure, ban ba ka amsa mai gamsarwa ba. Ga ta.

Gajimaren nan yawancinsu haidirojin ne, sanyinsu ya kai wajen digiri 260 ƙasa da sifili. In biyu suka haɗu da gudun kilomita 10 zuwa 20 a daƙiƙa, gas ɗin da ke tsakani yakan yi zafi, amma nan da nan sai ya fitar da zafin a matsayin haske ya huce. Abin da ya huce ba ya da ƙarfin turo abin da ke danne shi. Ka tuna garken shanu biyu da suka yi kiciɓis a burtali: na gaba sun tsaya, na baya na ta tahowa, sai cunkoso. A cikin wannan cunkoson ne nauyi ke jan gas ya dunƙule.

Inda maganar ta fi daɗi shi ne manyan taurari, masu nauyin rana takwas ko fiye. Irin wannan tauraro tun yana jariri haskensa ke korar gas ɗin da yake ci. Dole ne abincin ya zubo masa da yawa kuma da gaggawa, in ba haka ba ya tsaya a ƙarami. Karo kuwa yana tara gas mai yawa wuri guda cikin ɗan lokaci.

Ba wanda ya zauna ya kalli karon, don yakan ɗauki dubban ɗaruruwan shekaru. Sawu ake bi. Yasuo Fukui na Jami'ar Nagoya da abokan aikinsa sun yi amfani da na'urar hangen nesa ta NANTEN2 da ke hamadar Atakama a Chile, suna auna siginar iskar kabon monoksaid da ke cikin gajimaren. A tarin taurarin Westerlund 2, a 2009, aka ga gajimare biyu masu gudu daban-daban, abin da suka ɗauka alamar karo ce. Haka a tarin taurarin NGC 3603 da RCW 38. A wasu wuraren ma ramin da ke jikin babban gajimaren ya yi daidai da siffar ƙaramin, kamar turmi da taɓarya.

Ni dai ban yarda kowane babban tauraro ta haka ya samu ba. Gajimare biyu na iya bayyana a jere a idonmu alhali tazara mai nisa ce tsakaninsu. Amma hujjar ramin nan ta kama ni.

A 2018 ayarin Fukui suka ce mai yiwuwa gajimaren Oriyon ma ta haka ya samu manyan taurarinsa. Shi kam kana iya ganinsa da ido a daren hunturu in hazo ya lafa, ɗan fari-fari a ƙasan taurari ukun nan da ke jere a tsakiyar tarin taurarin Oriyon.

Malaminka.