A kai wa leburorin gona asibiti har inda suke

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi magana kan leburorin gona masu jin Sifaniyanci a kwarin San Joaquin na jihar Kalifoniya, Amurka. Su ke tsinkar inabi da tumatir, amma asibiti ya yi musu nisa, kuma kafin su tashi daga gona an rufe. Tun 1962 Amurka ta yi dokar kula da lafiyar irin waɗannan 'yan ci-rani. Don Allah a riƙa tura motocin asibiti ƙauyukansu da yamma, tare da tafinta. Wasu ma daga Oaxaca ta Meziko suka fito, Mistek suke ji, Sifaniyancinsu kame-kame ne. Bai kamata ƙaramin yaro ya zama shi ke fassara wa mahaifiyarsa maganar likita ba.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku