Kiɗan fim ma labari yake bayarwa, a daina mayar da shi cike-gurbi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina cikin masu bibiyar shafinku na nishaɗi, kuma ina yaba wa masu yi mana sharhin fina-finai. Sai dai akwai ɓangaren da kullum ake tsallakewa. Za a tattauna labari, a yabi jarumi, a soki jaruma, a ce hoto ya fita ko bai fita ba, amma da wuya a ce uffan a kan kiɗan da ke tafiya a ƙarƙashin hoton. Ba waƙoƙin rawa nake nufi ba, su suna da masu magana a kansu. Ina nufin kiɗan nan da ke shigowa a hankali idan mutum ya tura ƙofa, ko ya ɗaga waya ya ji labarin da ya sa jikinsa ya yi sanyi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ganin yadda masu shirya fina-finai da yawa, musamman masu dogon zango na talabijin, suka ɗauki wannan kiɗa abin toshe kafa, alhali shi ma labari yake bayarwa.

An ce gani ya kori ji, amma a fim maganar ba ta cika zama haka ba. A ɗauki hoton wani mutum yana tafiya da daddare a farfajiyar gida, makulli a hannunsa, fuskarsa babu yabo babu fallasa. A sa masa fiyano mai taushi yana tafiya sannu-sannu, nan take za mu ce magidanci ne ya dawo a gajiye, yana taka-tsantsan kada ya tashi yara. A cire, a sa wani amo mai kauri da ke gurnani daga ƙasa ba ya hawa ba ya sauka, sai mu fara tambayar kanmu a ina ya samo makullin, kuma wa ke barci a ɗakin. Hoton bai canza ba, ɗan wasan bai ƙara ko ƙifta ido ba, amma mutum biyu daban muka gani.

Masu sana'ar sun gane haka tun kafin fim ya fara magana. A zamanin fina-finai marasa sauti, gidajen silima kan ajiye mai kaɗa fiyano, manya kuma su ajiye ƙungiyar makaɗa sukutum, suna bin hoto da kiɗa. A 1908 shahararren mai tsara kiɗa na Faransa, Camille Saint-Saëns, ya rubuta wa wani fim kiɗansa na musamman. Da fim mai magana ya bayyana a Amurka a 1927, ba a daɗe ba aka koma neman kiɗan da aka ɗinka daidai jikin labari, irin wanda Max Steiner ya yi wa King Kong a 1933.

Yadda abin yake aiki a jikinmu ba wani sihiri ba ne. Zuciyar mutum idan yana hutawa tana bugawa tsakanin sau 60 zuwa 100 a minti guda, kuma mun san saurin bugunta da tsoro ko ɗoki, shi ya sa kiɗan da ke ƙara sauri yake ɗaga mana hankali. Amo mai kauri yakan tuna mana da abu babba mai nauyi, mai tsini kuma da ihu. Amo biyu da ba sa jituwa idan aka haɗa su sai kunne ya ƙosa a warware su, muddin kuwa ba a warware ba, mai kallo ba zai samu natsuwa ba. A fim ɗin Psycho na 1960, darakta Alfred Hitchcock ya so a bar fitowar kisan banɗaki babu kiɗa. Bernard Herrmann, wanda ya tsara kiɗan fim ɗin gaba ɗaya da kayan goge kaɗai, ya rubuta mata nasa, gogaye suna ƙara mai tsini a jere a jere. Da daraktan ya saurara sai ya sauya shawara. Kusan ba a nuna wuƙar tana shiga jiki ba, amma duk wanda ya kalla zai rantse ya ga sara, saboda kunnensa ya ji shi.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na Jaws, fim ɗin wani ƙaton kifin shak mai cin mutane, wanda Steven Spielberg ya fitar a 1975. Kifin shak na inji da suka ƙera yana ta lalacewa lokacin ɗauka, don haka ba a nuna shi sosai ba a farkon fim ɗin. Abin da ya tsaya a madadinsa amo biyu ne masu kauri da John Williams ya jera, suna maimaituwa, suna ƙara sauri yayin da dabbar ke matsowa. Hikimar ba a amon kaɗai take ba, tana cikin amanar da aka ƙulla da mai kallo. Duk lokacin da kiɗan ya tashi, kifin yana nan. Da wasu yara biyu suka yi wasan tsoratar da mutane da fiffiken bayan kifin shak na bogi a bakin ruwa, kiɗan bai tashi ba, domin ba a so a yi wa kunne ƙarya. Sai da mai kallo ya saki jiki, ya yarda cewa in babu kiɗa babu haɗari, sannan can a tsakiyar teku kifin ya ɓullo kusa da jirgi ba tare da wata sanarwa ba. Firgicin wannan wuri da shirun aka gina shi, shirun kuma ya samu ƙarfi ne daga gaskiyar da kiɗan ya yi ta faɗa a baya. Wannan aiki ne na wanda ya karanta labari daga farko zuwa ƙarshe, ya san inda zai yi magana da inda zai kame baki.

To, tsoro da tausayi kowa ya yarda kiɗa yana kawo su. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne yadda yake gina halin mutum. Akan ba jarumi take nasa, ɗan gajeren amo da ke biye da shi duk inda ya shiga, dabarar da masu fim suka gada daga wasannin waƙe na Richard Wagner na Jamus a ƙarni na 19. A fim ɗin Once Upon a Time in the West na 1968, Ennio Morricone na Italiya ya gama rubuta kiɗan tun kafin a kunna kyamara, darakta Sergio Leone kuma ya riƙa sa shi a wurin ɗauka, 'yan wasa suna takawa a kansa. Akwai wani baƙo a labarin wanda ba ya yawan magana, sai dai ya busa hamonika, ɗan ƙaramin abin busan nan da ake gogawa a leɓe. Busar ba daɗi gare ta ba, tana fita ne a shaƙe kamar numfashin wanda ake maƙurewa. Sai a ƙarshe ake nuna mana dalili: yana yaro aka ɗora yayansa a kafaɗunsa da igiya a wuya, mugun ya cusa masa hamonikar a baki. Ashe tun fitowarsa ta farko kiɗan yake ba mu tarihinsa, mu ne ba mu gane yaren ba tukuna.

Shekara bakwai bayan haka, a fim ɗin Indiya na Sholay, abin busa iri ɗaya ya yi wani aikin daban. Jai, wanda Amitabh Bachchan ya fito a matsayinsa, ɓarawo ne mai ƙarancin magana da ɗaure fuska. Da dare ya yi sai ya zauna a waje yana busa a hankali, can sama kuma Radha, matashiyar da mijinta ya rasu, sanye da fararen kaya, tana bin fitilun baranda tana rage su ɗaya bayan ɗaya. Ba su ce wa juna komai ba. Daga wannan busa muka san cewa mutumin nan yana da taushin zuciyar da yake ɓoyewa, muka kuma san abin da ke tsakaninsu, wanda bakinsu ba zai iya furtawa ba. Da an rubuta musu dogon zance a wurin, da an ɓata shi.

Take kuma ba a barinsa a wuri ɗaya, yana girma tare da mai shi. Taken Darth Vader, mugun fina-finan Star Wars, da aka fara ji a 1980 da ƙahoni da ganguna irin na faretin soja, shi ne dai aka sake kaɗawa a 1983 lokacin mutuwarsa, amma a kan tsirkiya, siriri, a raunane. Amon bai canza ba, ƙarfin ne ya zube, kamar yadda mai shi ya koma uba mai nadama.

Kada a ce wannan sai manyan fina-finan silima. Talabijin ma ta fi samun dama, domin tana da makonni da watanni na saba wa kunne da taken kowane mutum. A shirin Chernobyl na 2019, mai kashi biyar, wanda ya ba da labarin fashewar tashar nukiliya a 1986, mai tsara kiɗansa Hildur Guðnadóttir ta je wata tashar nukiliya da aka rufe a Ignalina ta ƙasar Lituweniya, ta naɗo ƙarar ƙofofi da famfuna da gurnanin manyan ɗakuna, da su ta gina kiɗan. Gubar nukiliya ba a ganinta da ido, ba ta da wari, amma mai kallo yana jinta tana cika ɗaki. Ta tambayi kanta me labarin yake buƙata, ta je ta samo.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ke nan idan na kunna wasu shirye-shiryen. Sai an gama ɗauka an gama tacewa, sannan a buɗe kwamfuta a jawo kiɗan da ke ajiye: wannan na kuka ne, wannan na mugu, wannan na soyayya. Kiɗan da aka sa lokacin rasuwar mahaifiya, shi za a sa idan an yi saɓani da budurwa, shi za a sa idan waya ta ɓace, har kunne ya daina jinsa. Idan babban rashi ya zo a labarin, babu sauran abin da za a taɓa zuciya da shi. Sau da yawa kuma ana ɗaga shi har ya danne magana, ɗan wasa yana zuba ƙwarewarsa, mai kallo yana ta faman ƙara murya da ragewa.

Mafi muni a wurina shi ne tona asirin labari. Mutum ya shigo da fara'a da sallama, marubuci ya sha wahala ya ɓoye mana nufinsa sai kashi na goma, amma tun kafin ya zauna an buga wata ƙara mai razanarwa. An gama gaya mana mugu ne. An hana mu jin daɗin zato, an kuma hana shi zama mutum mai fuska biyu kamar yadda mutane suke. Ni a ganina wannan raina mai kallo ne, ana ɗaukarsa wanda ba zai gane baƙin ciki a fuska ba sai an ja shi da kunne.

Na san za a kawo uzurin kuɗi da ƙurewar lokaci, kuma ban ce ƙarya ba ne, domin mai fitar da shiri kowane mako yana tsere da agogo. Amma yawancin abin da nake roƙo ba ya cin ko sisi. Miƙa wa mai kiɗa rubutun labari tun kafin a fita ɗauka ba ya buƙatar ƙarin kasafi. Haka zama da shi a bi fim fitowa bayan fitowa, a yanke inda kiɗa zai shiga da inda zai fita. Shiru kuwa kyauta ne. Fim ɗin nan na Leone ya buɗe da wajen minti goma ko fiye babu kiɗa, sai kukan ƙarfen injin iska, da ɗigar ruwa a kan hula, da ƙuda mai damun wani ɗan bindiga, kuma ba a iya ɗauke ido. Makaɗi ɗaya da abin kiɗa ɗaya, in ya san mutanen da ke cikin labarin, ya fi tarin sautin da aka kwaso ba a san don wa aka yi shi ba.

Saboda haka, Malam Edita, ina roƙon alfarma guda biyu. Idan marubutanku za su yi sharhin fim ko shiri, su ware ko sakin layi ɗaya su gaya mana yadda kiɗan ya kasance, ya taimaki labarin ko ya tauye shi, su kuma ambaci sunan wanda ya tsara shi kamar yadda suke ambaton darakta. Sannan a samu mako guda a gayyato ɗaya daga cikin masu wannan sana'a, a tambaye shi a wane mataki ake kiransa aiki, kwana nawa ake ba shi, kuma ko ana nuna masa labarin kafin ya taɓa fiyano. Ina so masu zuba kuɗi a harkar su karanta amsarsa a shafinku.

Na gode da ba ni wannan fili. Allah Ya ƙara basira.

Wassalam,
Naka, mai karanta jaridarku a kullum.