Ciwon kan da ke lafawa idan an kwanta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana kan wani ciwon kai da ya wahalar da mai ɗakina, don na ga har wasu ma'aikatan jinya ba sa gane shi da wuri.

Kwana biyu da yi mata tiyatar haihuwa, wadda aka yi da allurar kashe zafi ta gadon baya, kanta ya fara sarawa. Abin mamaki, in ta kwanta sai ya lafa kamar an yi ruwa an ɗauke. Ta tashi zaune don shayar da jariri kuwa, cikin 'yan mintoci ya dawo, ga wuya ya sage, ga kunne na ƙara, haske ma ba ta son gani. Aka yi ta ce mana gajiya ce. Sai da wani likitan allurar barci ya yi tambaya guda: "In kin kwanta yana sauƙi?"

Shi ya bayyana mana cewa ƙwaƙwalwa da laka suna cikin wani ruwa ne, kimanin mililita 150 a jikin babba. In allura ta bar ƙaramar kafa a tantanin da ke riƙe da ruwan, sai ya riƙa yoyo, ƙwaƙwalwa ta ɗan zazzago ƙasa idan mutum ya miƙe, ta ja jijiyoyi. Ashe ba sabon abu ba ne: August Bier, likitan Jamus da ya fara wannan allura a 1898, shi kansa ya sha wannan ciwon kai da aka gwada ta a jikinsa.

Da yawa yakan warke cikin mako biyu da hutu, farasitamol da kafeyin (sinadarin da ke cikin kofi da goro). Nata ya ƙi, aka yi mata facin jini: an ɗebi jininta wajen mililita 20 aka zuba kusa da kafar, ya daskare ya toshe ta. Washegari ta zauna ta ci abinci.

Wani yakan same shi ba tare da allura ba, a nan hoton MRI, wato hoton cikin jiki da na'ura ke ɗauka a asibiti, ake nema. In kuma zazzaɓi, jijjiga ko shanyewar gaɓa suka biyo baya, maza a koma asibiti.

Roƙona, ku gayyato likita ya yi wa masu karatu bayani, musamman mata masu jiran tiyata.

Naka,
Mai karanta ku kullum