Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Mai Karatun Lauya

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, karatu kuma yana tafiya daidai. Mu nan lafiya lau, alhamdulillahi.

Ƙanwarka ta nuna mini hoton takardar da ka turo, inda malaminka ya ja layi da jan biro ƙarƙashin sakin layi na biyu, ya rubuta kalmar Turanci meretricious a gefe. Na lura ka ɗauke ta a matsayin yabo. Ba yabo ba ce, kuma gara ka ji daga bakina.

Wadda ka yi zato ita ce meritorious, abin da ya cancanci a yaba masa. Sun yi kama a kunne, tushensu ma ɗaya ne a Latin, merere, wato samun ladan aiki. Amma tuni suka raba hanya. Wadda aka rubuta maka ta biyo ta meretrix, sunan da Rumawa ke kiran karuwa. Da wannan ma'ana ta shigo Turanci a ƙarni na 17, daga baya ta koma kan duk abin da aka caɓa wa ado don ya ja ido, alhali ciki ba komai. Ƙyal-ƙyal banza ke nan. Ba ana nufin abin mummuna ne ba. Kyau yana da shi, sai dai kyan an yi shi ne don a ruɗi mai kallo, kuma nan zafin kalmar yake.

Saboda haka ka kiyaye inda za ka sa ta. Ana faɗinta kan hujja, ko salon rubutu, ko adon gini. Kada ka kuskura ka jefi mutum da ita, balle mace, ko da wasa, domin wanda ya san asalinta zagi zai ji. Za ka iya cin karo da ita a tsofaffin hukunce-hukuncen jihar Washington ta Amurka, inda ake kiran zaman mace da namiji ba aure meretricious relationship, har kotun ƙolin jihar ta sauya lafazin a 2007.

To, batun rubutun naka. Na sa an ƙara mini girman hoton, na karanta a tsanake, kuma malaminka yana da gaskiya. Jimlolin suna da daɗi a baki, kalmomin manya-manya, ga Latin an yayyafa nan da can. Amma da na nemi abin da kake son tabbatarwa, ban samu ba. Ba sashen doka, ba hukuncin wata kotu da ka dogara da shi. Abin ya dame ni, ɗana, don na san kana da kai. Alƙali ba zai saki wanda kake karewa don Turancinka ya yi daɗi ba, kuma wata rana 'yancin wani bawan Allah zai rataya a kan abin da ka rubuta.

Ka sake zama da takardar. Kowace jimla ka tambaye ta me ta ƙara wa hujjarka, wadda ta rasa amsa ka soke ta, ko da ita ce ka fi so. Sannan ka je ka sami malamin, ka yi masa godiya, ka roƙi ya duba maka sabuwar.

Mahaifiyarka tana gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka