Ba a Ƙwaƙule Ido a Aikin Yanar Ido

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida domin in yi magana a kan wata jita-jita da ta zaunar da tsofaffinmu da yawa cikin duhu, wai idan za a yi aikin yanar ido sai an ƙwaƙule idon an wanke shi kafin a mayar. Wannan tsoro ne ya sa mahaifiyata ta shekara biyu tana bin bango da lalube kafin ta yarda muka kai ta asibiti.

Ita yanar, ɗan madubin da Allah Ya halitta a bayan baƙin ido ne yake yin hazo, galibi saboda tsufa, ko ciwon suga, ko buguwa. Kafin ranar aiki an gwada wa mahaifiyata suga da hawan jini, an kuma auna idon da na'ura domin a san ƙarfin madubin roba da zai dace da ita. A ɗakin tiyata ba a sa ta barci ba, allurar kashe zafi kawai aka yi mata a gefen idon, sannan likita, yana duba ta madubin ƙara girma, ya yi 'yar tsaga da ba ta wuce milimita 7 ba, ya buɗe jakar da madubin yake ciki, ya fitar da wanda ya lalace, ya zura na roba a gurbinsa. Tsagar kan haɗe da kanta, sau da yawa ba ɗinki. A wasu asibitocin ma na'ura ce ke farfasa yanar ta zuƙe ta ta ƙofar da ba ta kai milimita 3 ba. Dasa madubin kuwa ba sabon abu ba ne, tun 1949 likita Harold Ridley ya fara shi a Landan.

Mahaifiyata ba ta yi rabin awa a ɗakin tiyatar ba. Washegari da aka cire bandeji, ta daɗe tana kallon zanen da ke jikinta, sannan ta ce ashe shuɗi ne.

Abin da ya fi ɗaga mini hankali shi ne masu yawo ƙauye-ƙauye suna tura yanar cikin ido da tsinke. Mutum ya ga ɗan haske na kwanaki, daga baya idon ya kumbura ko ya ruɓe, a kawo shi asibiti lokacin da gyara ya gagara. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar daga 2005 zuwa 2007 ya nuna yanar ido ce kan gaba wajen makantar da 'yan Najeriya, alhali muna da Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa a Kaduna da asibitin ido na ECWA a Kano.

Ina kira ga gidajen rediyonmu su riƙa gayyato likitocin ido su bayyana aikin dalla-dalla da Hausa, har da yadda ake ɗiga magani na makonni bayan aiki da kiyaye idon daga ƙura da murza.

Wassalam,
Mai karatunku daga Funtuwa