Malam Edita, ina kuke so mu kai katifun namu?

Assalamu alaikum.

Na saurari shirinku na daren Talata daga farko har ƙarshe, kuma wallahi da takaici na kwanta. Baƙon da kuka gayyato ya shafe kusan minti arba'in yana kiran mu ragwaye, wai ɗaliban yanzu sun mayar da hostal sito, wai duk wanda ya bar kayansa a ɗaki bayan cikar wa'adi shi ya jawo wa kansa. Mai gabatarwa kuwa ba abin da yake cewa sai "haka ne, ranka ya daɗe." Ɗalibi ko ɗaya ba ku zaunar a wurin ba, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

To ga nawa yoyon. Ƙarshen shekarar karatun da ta wuce, ranar Talata aka manna takarda a bakin ƙofar bulok ɗinmu cewa kowa ya fice kafin azahar ɗin Asabar, za a yi feshin magani. Ni kuma jarrabawata ta ƙarshe ranar Alhamis ce, daga ƙarfe huɗu zuwa shida na yamma. Ku lissafa da kanku. Juma'a guda nake da ita in haɗa kayan shekara, in kai kati a sa min hannu a wurin fota, wato mai kula da bulok ɗinmu, in nemo motar gida. Gidanmu Nguru ne. Mota biyu nake shiga, ta farko ta sauke ni a Kano, ta biyu ta bi da ni ta Haɗeja. Wanda ya yanke wa'adin nan na tabbata gidansa ba ya wuce tafiyar minti goma daga ofis.

Baƙonku ya ce mu kwashe komai mu tafi da shi. Komai ɗin nan ya san mene ne? Katifa, bokiti biyu, risho, tukwane, kula, 'yar fanka, akwati, jakar Gana-mas-go cike da kayan sawa, da kwalin littattafai wanda ni kaɗai ba na iya ɗaga shi. Mai baro zai karɓi nasa daga ɗaki zuwa get, mai A daidaita sahu ya karɓi nasa zuwa tasha, a tasha kuma ɗan kamasho ya kalli katifar ya ce kuɗin kujera guda za a biya mata, kamar ita ma fasinja ce. A Kano a sake wani sabon ciniki. Bayan mako bakwai kuma in sake biyan duk wannan don in dawo da ita ɗakin da ta fito. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 har ta wuce 1,000, kuma kowa ya ga yadda kuɗin mota ya bi ta. Ɗalibin da ya samu rancen karatu na gwamnatin tarayya, wato NELFUND, naira 20,000 yake karɓa a wata na kashewa. A ciki zai ci abinci, a ciki zai yi fotokwafi, a ciki kuma kuke so ya yi wa katifa kuɗin mota zuwa da dawowa.

Shi ya sa na bar tawa. Na naɗe ta, na ɗaure da igiya, na rubuta sunana da lambata da maka a jikinta, na tura kwalin littattafai ƙarƙashin gado, muka sa kwaɗo. Da na dawo sai na tarar an ɓalle kwaɗon, ɗaki wayam. A bayan bulok na ga kayanmu, an tula su kamar juji, kuma lokacin damina ce tsakiyarta. Katifata ta sha ruwa ta yi baƙi ƙirin da funfuna, da na ɗaga ta kiyashi ne suka watse. Littattafan sun manne sun zama dunƙule ɗaya, har da littafin da na yi shekara biyu ina rubuta darussa a ciki, tawadar duk ta narke. Na tsaya a wurin na yi kuka kamar ƙaramar yarinya, ban ji kunyar kowa ba. Da na je wurin fota sai ta ce min, "'Yata, ki yi haƙuri, oda ce daga sama." Ban ga laifinta ba, ita ma aike ta aka yi. Abu ɗaya dai na lura da shi, katifu masu kauri da silindar gas ba ko ɗaya a cikin tulin nan. Ban ce wani ya ɗauka ba, na dai faɗi abin da idona ya gani.

Feshin kuma da aka kore mu dominsa? Daren farko da na kwanta a kan sabuwar katifar da Baba ya ciwo bashi ya saya min, kuɗin cizo suka yi min sannu da zuwa.

Baƙon naku ya kuma kawo maganar yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022, wai a lokacin ne ɗalibai suka koyi barin kaya. Yayata tana makaranta lokacin. Ranar 14 ga Fabrairu aka ce yajin gargaɗi ne na mako huɗu, kowa ya ɗauki 'yar jaka ya tafi gida, ba a janye ba sai 14 ga Oktoba. Wata takwas. Ɓeraye suka cinye mata rabin kaya. Wannan ma laifin ɗalibai ne? An bar jaki ana dukan taiki.

Ban da waɗanda ke sayar da kayansu a wulaƙance saboda ba yadda za su yi. Ku aiko wakilinku bakin get ranar da wa'adi zai cika, ya ga dillalai sun yi layi suna jira, katifar da aka saya watanni tara da suka wuce a taya ta kuɗin da bai kai na buhun gawayi ba, yarinya ta sallama don mota na jiranta. Sabuwar shekara na kamawa su dillalan nan su sayar wa sababbin ɗalibai ita da tsada.

Mu ba mu ce kar a gyara ɗakuna ba. A ware ɗaki ɗaya a kowane bulok, a karɓi ɗan abin da za a karɓa, a ba mu rasit, mu ajiye kayanmu. In hakan ya gagara, a ba mu mako guda bayan jarrabawar ƙarshe. Kuɗin hostal dai na shekara muka biya cif, ba a rage mana ko kwabo ba.

Sannan don Allah, Malam Edita, wannan lambar da kuke cewa a kira, tana aiki kuwa? Sau goma sha ɗaya na buga a daren nan, ko dai a ce layi na cike ko a ɗauka a kashe, katina ya tafi a banza. Amma tallan mai maganin basir sau uku kuka sa shi cikin shiri ɗaya, har ya cinye lokacin masu sauraro. Ku rage shi, kuma in za ku sake shiri a kan ɗalibai, ku kira ɗalibai.

Wassalam.

Ɗaliba 'yar aji uku,
daga Nguru, Jihar Yobe.