Talakan Amurka da Zargin Ci-ma-zaune

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, na rubuto ne kan shirinku na makon jiya, inda wani mai sauraro ya bugo waya yana cewa a Amurka ko mutum ya miƙe ƙafa bai yi aikin fari ba bare na baƙi, gwamnati za ta ciyar da shi ta biya masa haya. Ina cikin mota ina jiran fasinja na ji maganar, har na yi dariya ni kaɗai. Shekarata 11 ina tuƙin tasi a unguwar Bronx ta birnin New York, kuma wannan magana ba a gida kaɗai ake yin ta ba. Amurkawa da yawa haka suka ɗauka. Ɗan'uwanmu da sha'awa ya faɗe ta, su kuwa da takaici suke faɗa.

Tallafi akwai shi, ban musa ba. Shirin abinci da ake kira SNAP, mutum wajen miliyan 40 ke cin moriyarsa. Kuɗi ake zuba wa mutum a kati duk wata, kuma katin ba ya sayen giya ko taba, kai ko sabulu ba ya saya. Akwai kuma Medicaid na kula da lafiyar marasa ƙarfi, tun 1965. Amma tsabar kuɗi a hannu, wannan sai an sha wuya. Dokar da Shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu a 1996 ta bar shi ga iyalai masu yara kaɗai, ta gindaya sharaɗin aiki, ta kuma ce shekara biyar kacal mutum zai karɓa daga asusun tarayya a iya rayuwarsa.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ra'ayin jama'ar. Akwai wani binciken jin ra'ayi da wata cibiya ta Jami'ar Chicago ke yi tun 1972. Daga baya sai suka riƙa yin tambaya ɗaya da kalmomi iri biyu. Idan aka tambayi mutane ko kuɗin da ake kashewa wajen taimakon talakawa ya isa, mafi yawa sai su ce ya yi kaɗan. Da zarar an sa kalmar "welfare" a gurbin taimakon talakawa, masu cewa ya yi kaɗan sai su koma 'yan tsiraru. Kuɗin ɗaya ne, talakan ma ɗaya ne, suna kawai aka canja. A kunnen Ba'amurke kalmar nan tana nufin abin da mu muke kira ci-ma-zaune, wato ƙato lafiyayye mai matacciyar zuciya da ke cin gumin wasu.

Wannan hoto ba daga sama ya faɗo ba. A yaƙin neman zaɓen 1976, Ronald Reagan ya yi ta ba da labarin wata mata a Chicago da ta yi amfani da sunaye barkatai tana kwasar tallafi. Matar gaskiya ce, kuma 'yar damfara ce, amma wake ɗaya ya ɓata gari: aka shafa wa miliyoyin uwaye kashin kaji. Ga kuma batun launin fata. Masanin siyasa Martin Gilens ya duba hotunan da manyan mujallun ƙasar ke bugawa a labaran talauci, ya tarar fiye da rabi baƙaƙen fata ne, alhali a lokacin ba su kai kashi ɗaya cikin uku na talakawan ƙasar ba. A zahiri fararen fata ne rukuni mafi girma cikin masu karɓar katin abinci.

Kwanaki na ɗauki wani dattijo Bature zuwa asibiti. Tun daga ƙofar gidansa har muka isa yana zagin masu zaman jiran gwamnati. Na ce masa, "Yallabai, wa zai biya kuɗin asibitin yau?" Ya ce Medicare, wato inshorar lafiyar da gwamnati ke yi wa tsofaffi. Fanshonsa kuma na Social Security ne, shirin da aka kafa a 1935 zamanin Shugaba Roosevelt. Ya ce ai wannan guminsa ne, an yi ta yanka a albashinsa shekara da shekaru. Yana da gaskiyarsa, ban ja da shi ba. Amma na lura a wurinsa nasa haƙƙi ne, na wani kuma bara.

Ni ma ba zan wanke kaina ba. Mu ma muna ba makaho sadaka da zuciya ɗaya, mu kori saurayi majiyi ƙarfi mu ce ya je ya nemi na kansa. Duk ranar da na biya haraji nakan ji irin wannan ɗacin. Sai dai yawancin masu cin abincin SNAP yara ne da tsofaffi da naƙasassu, kuma manya da dama cikinsu suna aiki, albashin ne ba ya kai wata. A 2021 gwamnati ta riƙa biyan iyaye har dala 300 a wata kan kowane ƙaramin yaro, talaucin yara ya sauka zuwa kashi 5.2 cikin ɗari. Majalisa ba ta sabunta shirin ba, Sanata Joe Manchin na cikin masu nacewa sai an sa sharaɗin aiki. A 2022 adadin ya haura zuwa kashi 12.4. Ana zargin uwa da lalaci, ɗanta ne ya kwana da yunwa.

Don Allah ku isar wa wancan mai sauraro gaisuwata. Idan Allah ya ba shi biza ya taho da shirin aiki, domin dokar nan ta 1996 ta ce yawancin sababbin baƙi, ko da katin zama a hannu, sai sun shekara biyar kafin a dube su a irin waɗannan tallafi.

Na gode.

Mai sauraronku a kullum,
daga Bronx, New York